Yaushe za mu daina ce masa yaro?

Tela, unguwar Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, na ce bari in kawo shi gabanku. Ɗana na fari shekararsa 15. Bana Allah ya yi masa abu biyu, ya ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare a nan Kamaru, kuma ya kai ƙarshen izu sittin a wurin malaminsu na allo, ranar sauka kawai ake jira. To ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga wan mahaifina daga Gidar, tsoho ne da ya haura 80, ya shigo zaure yana dogara sanda, da ƙunshin kaya a ɗaya hannun. Yaron nan yana zaune a kan benci, waya a hannu, abin sauraro a kunne. Ya ɗago kai ya ce "sannu Baba", ya mayar da idonsa kan waya. Bai tashi ba, bai karɓi kayan ba, tabarma ma ni na shimfiɗa da hannuna. Tsohon bai ce uffan ba har ya ci abinci. Sai da na raka shi tasha ya dube ni ya ce, "Wannan ne za a yi wa saukar?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Uwarsa kuwa tana can tana lissafin rumfa da kujeru da anko da shinkafa, ta kai sefa dubu 300 ba a ma zo maganar rago ba. Ni zuciyata tana ce mini in ɗage saukar nan sai ya koyi gaida mutane. Me kuka gani?

Hajiya mai abinci, Domayo, Marwa:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatun, ya sa ya amfane shi. Malam tela, kada ka ɗage. Yaro ya yi shekaru yana wanke allo yana sake rubutawa, da sanyi da zafin Garwa, sai ranar da zai ji daɗi ka ce a'a? Amma ina da tambaya, kada ka ji haushi. Tun da ya tasa, ka taɓa zaunar da shi kai da shi ka ce ga yadda ake tarbar baƙo a gidan nan? Ko kullum baƙo ya zo kai ke tashi, shi kuma ka ce ya shiga ciki wurin uwarsa? Sannan ka tuna wannan tsohon kakansa ne, jika da kaka akwai wasa a tsakaninsu.

Tela, unguwar Yelwa, Garwa:
Hajiya, wasan jika da kaka ai bayan gaisuwa yake zuwa. Amma tambayarki ta farko ta same ni. Ɗan fari ne, kin san halinmu, ko sunansa ba na kamawa, balle doguwar hira.

Direban babbar mota, Kusuri:
Waya ce kawai. Ka ƙwace ta wata uku ka ga aiki. Ni nawa haka na yi musu.

Dattijo, tsohon ma'aikacin auduga, Garwa:
Direba, kafin waya ma an yi marasa kunya, kuma yanzu da wayar akwai yaran kirki. Ku bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, don ni abin da ke damuna ya wuce gaisuwa.

Mu tara aka yi wa kaciya rana ɗaya, ina ɗan shekara bakwai ko takwas. Da hunturu ake yi, saboda miki ya fi saurin kamewa da sanyi. Wanzami ya zo da zabirarsa da sassafe, aka kai mu bayan gida, baffanninmu suna tsaye, uba ba ya zuwa wurin. Bayan an gama aka tara mu a ɗaki guda a gidan wani tsoho, aka sa mana kara tsakanin gwiwoyi don kada mu haɗa ƙafa cikin barci. Kusan wata guda muna wurin. Kaji kuwa mun ci su, kowace goggo da kwanonta, ga fura ga mai. Amma abin da ya zauna mini har yau shi ne daren. Tsohon nan yakan hura wuta ya zauna a bakin ƙofa yana yi mana magana. Daga yau ba ku kwana a ɗakin iyayenku mata. Daga yau ba ku tsallake babba yana zaune. In an sa kwano, ku ci gabanku, kada ku riga babba kai hannu ga nama. In kun ga tsoho da kaya ku karɓa, ko ba ku san shi ba. In an aike ku, ku maimaita saƙon kafin ku fita. Ranar da muka fito aka yi mana aski, aka sa mana sababbin riguna da huluna, aka zaga da mu gida gida. A daren nan mahaifina ya sa aka kai tabarmata zaure, ya miƙa mini igiyar akuyarmu ya ce daga yau ruwanta da ciyawarta a wuyanka.

To yanzu jikokina duk a asibiti aka yi musu, wani kafin suna, wani yana wata biyu. Ba su san an yi ba. Watan nan na zama a gaban tsoho ya tafi, kuma ba mu sa komai a gurbinsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundare:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarin ya taɓa ni. Amma don Allah kada wani ya karanta ya ce a koma wa aska ɗaya yara tara. Ta wannan hanya ciwon hanta da sauran cututtukan jini suke wucewa daga yaro zuwa yaro, kuma mikin da aka sa wa toka ko ƙasa yana iya kawo tetanos, wanda ke sarƙe haƙora. Na karɓi yaron da ya kwana yana zubar da jini, iyayen suna cewa a bari zai tsaya, aka kawo shi idanunsa sun yi fari fat. Allah ya taimaka ya tashi. A yi kaciya a wurin wanda ya san aikin, da kayan da aka tsabtace, kowane yaro da nasa. Tarbiyyar da aka ba ku ai bakin tsohon nan ne ya ba da ita, kuma har yanzu muna da tsofaffi.

Dattijo, tsohon ma'aikacin auduga, Garwa:
'Yata, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Ban ce a koma wa aska ba. Tsohon da wutarsa nake kewa.

Ɗan kasuwa, Mokolo:
Ni ina so a bambanta ladabi da al'ada. Abin da yawancinmu ke nufi da gaisuwa shi ne yaro ya zube ƙasa. Akwai hadisin Anas da Tirmizi ya kawo, an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a, aka ce zai yi musabaha da shi, ya ce e. Ni 'ya'yana sallama na koya musu da ba da hannu. Ba sa durƙusa mini, kuma ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsu.

Hajiya mai abinci, Domayo, Marwa:
Alhaji, wannan magana malamai sun daɗe suna yinta, ni ba zan shiga tsakaninsu ba. Abin da na sani, in tsoho yana zaune a tabarma, yaro ya tsaya ƙiƙam a kansa yana miƙo hannu daga sama, ba kyan gani. Ya rage tsawo ya zauna kusa da shi, ka kira shi duk sunan da ka ga dama. Kuma ka lura, ɗan malam tela bai durƙusa ba, bai kuma ba da hannun ba. Ko a wurinka ai bai tsira ba.

Ɗan kasuwa, Mokolo:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Tashi ya karɓi kayan tsoho ba mai jayayya a kai.

Malamar firamare, Gidar:
Ku bari in faɗi wani abu daga cikin aji. Yaranmu ladabi biyu ake nema a wurinsu, kuma suna karo da juna. A gida an ce kada ka kalli babba ido cikin ido, kada ka ɗaga murya, kada ka yi tambaya. A makarantar boko malami yana cewa ka dube ni in ina magana, ɗaga murya, me ya sa ba ka tambaya? Ina da yarinya a ajin ƙarshe, mai shirin CEP, jarrabawar gama firamare, ta fi kowa iya lissafi, amma in mai duba makarantu ya shigo ya yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Shi yana ganin ba ta sani ba, ita kuwa girmama shi take yi. Ga harshe kuma. Yaro ɗaya zai gaida maƙwabci da Fulatanci, "jam na", ya gaida malami da Faransanci, ya dawo gida ya ce "ina wuni". Maƙwabtanmu Fulani suna da sunan abin da suke koya wa 'ya'yansu, pulaaku, da kunya da haƙuri da hankali a cikinsa, kuma mu ma nan muka tashi muna sha daga wannan rijiya. Yaran suna iya ɗaukar duka, na gani. Sai dai a ce musu ɓaro ɓaro, wannan na aji ne, wannan na zaure ne. Mu kuwa jira muke su yi kuskure a gaban baƙo sannan mu yi faɗa.

Ɗalibi, jami'ar Ngaundare:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, don ni ne kusa da shekarun wanda ake magana a kansa. Shekarata 24, ina Dang, inda jami'ar take, ina karatu. Ba na kare abin da ƙanena ya yi, bai kyauta ba. Amma ku dubi labarin Baba dattijo da kyau. An ce musu ku yi kaza ku bar kaza, sannan aka miƙa masa igiyar akuya, aka kai tabarmarsa zaure. An ɗora masa nauyi, an kuma ɗaga masa matsayi a rana ɗaya. Mu nauyin gaisuwa kawai aka bar mana.

An yi mini sauka ina 14, aka yanka sa, aka ci aka sha. Washegari na koma yadda nake, ko limancin ƙannena a tsakar gida ba a taɓa cewa in yi ba. Na ci BEPC, na ci probatuwar da bak, jarrabawa biyu na ƙarshen sakandare, kowanne an dafa shinkafa. Hukuma ta ba ni katin ɗan ƙasa ina 18, ta ce in kai 20 in jefa ƙuri'a, a 21 ta ce na mallaki kaina. A gidanmu kuwa har yau in za a yi maganar gona ko auren ƙanwata, sai a ce yara su ba mu wuri, kuma da ni ake. Bara aka sayar da filin da nake nomawa duk hutu, a bakin maƙwabci na ji. A wurinmu namiji ba ya zama babba sai ya yi aure, aure kuma yanzu sai mai aiki da ɗaki da lefe, wasunmu za su kai 35 ba su samu ba. To mutum ya yi shekara ashirin ana kiransa yaro, ba a tambayarsa komai, ba a ba shi ajiyar komai. Wasu abokaina sun daina zama a zaure gaba ɗaya, sun koma bakin titi wurin masu babur, don a can in sun yi magana ana saurare. Baba tela, ka tambayi kanka, ban da wayar nan, akwai wani abu a gidan da yake nasa ne ya kula da shi?

Direban babbar mota, Kusuri:
Ka ji yaran zamani. Mu da muka taso wa ya tambaye mu ra'ayi? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Dattijo, tsohon ma'aikacin auduga, Garwa:
Direba, a shekara nawa maigidanka ya fara ba ka sitiyari?

Direban babbar mota, Kusuri:
Ina 17, Baba. Ina yaron mota, wata rana mun tsallaka gadar Ngeli mun sauke kaya a Njamena, a dawowa ya ce zauna ka ja. Hannuna yana rawa. Bai yi magana ba har muka iso, sai ya ce wa masu shayi ku ba direba shayi. Ban manta da ranar ba. To, na gane inda ka dosa.

Malamin allo, Pitowa:
Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka, abin da ka faɗa yana da tushe a Littafi. A Suratun Nisa'i aya ta 6, da ake maganar dukiyar marayu, an ce a riƙa jarraba su har su kai munzalin aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Jarrabawa kuwa ba ta yiwuwa sai ka sa wani abu a hannun yaro ka ga yadda zai yi da shi. Addini ya jera mana matakai. A shekara bakwai a umarce shi da salla, a goma a tsananta, a raba musu wurin kwana. A Suratun Nur aya ta 58 yara suna neman izinin shiga a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha, aya ta 59 kuma ta ce in sun balaga su nemi izini kamar manya. A mazhabarmu ta Malikiyya, in alamun balaga ba su bayyana ba, maganar da ta shahara ita ce shekara 18. Daga ranar alƙalami yana kansa, Allah ya ɗauke shi cikakken mutum mai hisabi, mu kuma muna cewa tafi ka ba mu wuri.

A allo ma haka muka gada. Yaro yana fara babbaƙu, wato baƙaƙe zalla, ya shiga farfaru, wato masu wasali, ya kama rubutu da kansa. In ya kai Sabbi ko Amma ko Yasin, gida sukan kawo sadaka, ko waina ce, don ya san ya taka wani wuri. Ƙolo, wato ƙaramin almajiri, yana tasawa ya zama titibiri, titibiri ya girma ya zama gardi, kuma gardi ana ba shi ƙanana ya biya musu. Ranar sauka yana riƙe allon zayyana ya karanta Fatiha da farkon Baƙara, wato an gama an kuma koma farko.

Malam tela, kada ka mai da Alƙur'ani sandar horo, ka bar saukar a ranarta. Amma rumfa da anko ba su cikin sharaɗi. Na ga gidan da aka ci bashi don walima, aka buga hoton yaro a jikin leda da kalanda, malamin da ya yi shekara takwas da shi aka ba shi abin da bai kai kuɗin hayar kujeru ba. Na kuma ga yara da yawa da suka gama tun tuni, an hana su sauka don uba ba shi da abin shagali. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Hajiya mai abinci, Domayo, Marwa:
Duk maganar nan ta maza ake yi. Ɗiya mace fa? Shi namiji yana da kaciya, yana da sauka, yana da ranar da aka ba shi sitiyari. Ita daga ranar suna sai ranar lalle, in ba ta yi sa'ar sauka ba. A da akwai ƙananan abubuwa da muka bari suka zube. Ina 11 innata ta ce yau ke za ki tuƙa tuwon gidan nan. Ta zauna a kan turmi tana kallona, ba ta taɓa muciya ba. Ya yi gudaji, na sani, amma mahaifina ya cinye nasa tas, ya aiko a tambayi wa ya yi tuwon yau, alhali ya sani. Ranar kasuwa ya sayo mini zane da kallabi, nawa na kaina na farko. Shekarar da na fara kai azumi talatin, kakata ta yanka mini kaza, ta ce ba mai taɓa cinyoyin sai ni.

Sai babban abin, wanda kunya ta hana mu. Ranar da yarinya ta fara ganin al'ada, wa ke zaunar da ita? A da aikin goggo ne ko kaka, su koya mata wanka da tsarki da abin da ya hau kanta na salla da azumi. Yanzu goggo tana Yawunde ko Duwala, uwa tana jin nauyi, sai yarinya ta ji a bakin ƙawa ko a waya. Ni da tawa ta kai, na rufe ɗaki na yi mata bayani da bakina, ina jin nauyi ina yi. Na ɗinka mata sabon hijabi, na ba ta akwati mai makulli, na ce wa yayyenta maza daga yau ba mai shiga ɗakinta sai da sallama. Ba taro, ba kiɗa, amma ta san an san ta girma.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundare:
Hajiya, Allah ya saka. 'Yan mata nawa ne ke zuwa mana a tsorace suna zaton ciwo ne ya kama su. Kuma a ƙara da cewa ganin al'ada ba ya nufin jikinta ya isa ɗaukar ciki. A bar ta ta ƙarasa girma da karatunta.

Tela, unguwar Yelwa, Garwa:
Jama'a, na yi kwana huɗu ban leƙo ba, ga abin da ya faru. Maganar ɗalibi ta hana ni barci. Na duba na ga gaskiya ne, yaron nan tun yana ƙarami yake zuwa shago, ya iya sa maɓalli, ya iya guga, amma ban taɓa barinsa ya taɓa almakashi ba, ban taɓa barin sa da aljihun kuɗi ba. Daren Litinin bayan isha na kira shi zaure, mu biyu. Na fi minti goma ina kame kame kafin bakina ya buɗe. Na gaya masa abin da tsoho ya ce a tasha. Ya sunkuyar da kai, can sai ya ce, "Baba, ai kullum in baƙonka ya zo cewa kake in tashi in ba ku wuri, na ɗauka ba ruwana da baƙinka." Hajiya, kin ji maganarki.

Na ce masa sauka tana nan, amma shi zai je Gidar da kansa ya gayyato kakansa. Bai taɓa yin tafiya shi kaɗai ba, kusan kilomita 100 ne. Na ba shi kuɗin mota da goro da turare, na sa ya maimaita saƙon. Uwarsa ta ƙi cin abinci har ya kira ya ce ya sauka. Ya kwana can, jiya ya dawo da canjin sefa 700 ya ajiye mini a kan keken ɗinki, da wata tsohuwar hula da tsohon ya ba shi. Ban san abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Yau da safe na ba shi makullin shago na biyu, shi zai riƙa buɗewa kafin in iso. An soke anko da rumfa, za a yi a ƙofar gida da tabarmi, ragon kuma na malaminsa ne.

Malam na Pitowa, ko ka san mai zayyana mai kyan hannu? Saura mako uku.

Malamin allo, Pitowa:
Akwai. Ka turo shi ranar Lahadi, ranar kasuwarmu ce, mota ba ta wuya. Ya zo da allon da kansa, shi zai yi cinikin.

Hajiya mai abinci, Domayo, Marwa:
Alhamdu lillahi. Malam tela, yana da ƙanwa?

Tela, unguwar Yelwa, Garwa:
Yana da ita Hajiya, shekararta 12. Zan ba uwarta wayar ta karanta abin da kika rubuta.